Mai Farin Leɓe

Bayan gidan Tunau mai bulo,
inda Daura ta ƙare gonaki suka soma,
akwai kududdufin da kakanni suka haƙa
suka ɗebi jar ƙasa suka ta da soraye.
Ramin da gini ya bari, ruwa ya gada.
A nan na san shi.

Ba burduddugi ba ne da yara ke bi da fitila
su soke a tsinke,
ba kuma mai ƙurajen nan ba
da ke kwana gindin randa yana kumburi.
Shi wannan sumul yake kamar an shafe shi da man shanu,
bayansa launin dabinon da aka jiƙa,
zane biyu ruwan zuma daga ido zuwa kwankwaso,
leɓensa na sama fari fat
kamar yaron da ya sha nono a ɓoye
ya manta bai goge baki ba.

Iya Tasalla ta ce ai shan ya yi.
Wai wata ne ya kwanta a kan ruwa daren sha huɗu,
ya ɗauka kindirmo ne, ya kai baki.
Ban da ita ba wanda ya taɓa yi masa labari,
balle suna.
Mu kalma guda muka raba wa uku:
na ƙofa kwaɗo, na zogale kwaɗo,
shi ma mai rai, kwaɗo.

Ba ya shiga hayaniyar magariba.
Sai manyan baki sun gaji, bayan lisha,
ka ji shi can cikin burugu,
gajeren kira,
kamar ɗan akuya na kuka ta cikin tulu.

Damina uku ke nan wata yarinya ta zo daga Katsina,
Hansatu, takalmin roba har gwiwa,
fitila ɗaure a goshi kamar mai neman allura.
Ta ce, Baba, me kuke ce masa?
Na buɗe baki.
Na rufe.
Ta karanto mini nasa na littafi,
harshena ya yi tuntuɓe tun a gaɓa ta biyu.
Ta aza shi a tafin hannu,
maƙoshinsa na bugawa kamar maɗigar jariri,
ta auna shi, ta rubuta, ta sake shi.
Sha ɗaya ta ƙirga a daren.
Na riƙe mata jaka, sauro ya yi walima da ƙafata.

Bara tifa ta zo.
Na daina ƙirga sawu a na arba'in:
ɓaraguzai, shara, yashi, tsohon kwano.
Ruwan ya ja baya, ya ja baya,
ya zama faɗin tabarma,
ya zama faɗin faifai.
Ban ga gawa ba.
Ban ga ƙaura ba kuma, ba wanda ya ɗauki kaya a ka.

Yanzu shaguna bakwai ne a wurin.
Ana cajin waya, ana sayar da siminti,
wani na gyaran janareto.
Da dare kowace ƙofa da kwaɗonta a rataye,
na ƙarfe,
wanda ruwan sama bai taɓa sa shi magana ba.

Ban taɓa sanin inda yake yin rani ba.
Wannan ne ke hana ni barci:
ko yana nan ƙarƙashin daɓen shago na uku,
ya naɗe ƙafafu,
yana jiran ƙasa ta yi laushi?

Daren jiya aka yi ruwan shuka.
Na fita da sanda, na tsaya bakin kwatar mai siminti
har rigata ta manne a baya.
Na ji wani abu sau ɗaya.
Ko shi ne, ko tsufan kunne,
ko ƙyauren wani ne iska ta taɓa.

Da hantsi Hansatu ta kira wayar jikana.
Baba, bana nawa?
Na ce rubuta ɗaya,
amma da fensir.